Babin da Mai Gam Ya Rasa Inda Zai Sa

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da wani kantin magani da ya sha canza hannu. A nan Mai Gam ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana ɗinkin littattafai. Sunansa na yanka yana nan a takardar haya, amma ko matarsa, Allah ya ji ƙanta, idan tana ba da labarinsa a bayan idonsa Mai Gam take cewa, saboda warin gam da yake shigowa da shi gida, wanda sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura.

Ba da niyya ya shiga sana'ar ba. Yana saurayi ya sami aikin ɗaukar kaya a wata maɗaba'a, tsohon da ke ɗinki a can ya lura hannunsa ba ya rawa, sai ya miƙa masa allura. Darasi ɗaya tsohon ya ba shi da baki, sauran duk da ido ya koya. Ya ce masa littafin mutane amana ne, maɗinki lambar da ke ƙasan shafi yake dubawa, abin da ke samanta ba ruwansa. Mai Gam ya riƙe wannan magana har ya fi mai ita riƙewa.

Rabin aikinsa littattafan labari ne. Duk wata uku ɗakin karatu na gari yakan aiko masa da kwali cike da waɗanda hannu ya cinye, bango ya tafi, zare ya saki. Labaran iyali, na abota, na yaran da suka girma suka bar gida. Dubbai sun bi ta hannunsa, bai san yadda ko ɗaya ya ƙare ba. Abin da ya sani shi ne irin waɗannan littattafai daga tsakiya suke fara ɓallewa, kuma shafukansu na ƙarshe sukan zo da ɗigon ruwa da ya bushe. Ya daɗe yana mamakin yadda mutane ba sa iya shan shayi sai a ƙarshen littafi.

'Ya'yansa huɗu ya san su yadda ya san aikinsa. Wannan na ɗaya, wannan na biyu, kowa da ranar haihuwarsa da lambar takalminsa, bai taɓa ruɗewa ba. Maza uku suka kama sana'o'insu. Auta, mace ɗaya tilo, ita ta ɗauki karatu, ta zama malamar makaranta. Bayan rasuwar mahaifiyarta ta koma can ɗaya gefen gari kusa da wurin aikinta. Takan zo gaisuwa ƙarshen wata. Ya ce ya aiki, ta ce lafiya. Ta ce ya ƙafar, ya ce da sauƙi. Daga nan sai su zauna su saurari motoci.

Wata Litinin da safe, ana tsuga ruwan sama, ta shigo shagon da babban ambulan rungume a ƙirji.

"Baba, aiki na kawo maka."

"Na makarantarku?"

"Nawa ne. Littafi na rubuta."

Ya karɓa ya auna a tafin hannu. "Shafi ɗari biyu da 'yan kai. Takardar nan ba ta da kyau. Wa ya sayar miki?"

Ta yi 'yar dariya. "Gasar marubuta zan kai, ranar Alhamis da azahar ake rufe karɓa, kuma ɗinkakke suke so. Don Allah Baba a lallaɓa shi. Wannan kaɗai ne mai gyaran da na yi da jan biro, wata biyu na yi a kai."

"Ki zo Laraba da yamma."

Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran a ƙara wata magana. Shi kuwa ya riga ya gano ruwa ya taɓa gefen ambulan ɗin, hankalinsa ya koma can.

Takarda mai danshi ba a ɗinka ta, kowane maɗinki ya san wannan. Ya yi abin da ya yi sau dubu: ya zare shafukan ya baza. Wasu a igiyoyin da ya ɗaura daga bango zuwa bango, wasu a teburi, wasu a kan kantar kaya, wasu a bisa ƙarfen matse littafi. Ya ɗebo daga sama, ya ɗebo daga tsakiya, duk inda hannu ya kai, don tattarawa ba ta taɓa zame masa aiki ba. Da la'asar suka bushe, ya kwaso su tuli guda, ya lashi yatsa, ya duba ƙasan shafin farko.

Fari tas. Ya duba sama, ya juya baya, ya ɗaga wa haske. Ya ɗauki na biyu, na goma, na hamsin. Auta ba ta sa lamba ba.

A haka Mai Agogo ya same shi, maƙwabcinsa na shekara talatin, ya shigo da kofin shayi biyu kamar kullum. Ya ji abin da ya faru, ya kurɓa sau biyu kafin ya yi magana.

"To kira ta mana."

"In ce mata me? Ban taɓa hautsina aikin bare ba, sai na 'yata? Tun da yarinyar nan ta bar gida ko allura ba ta roƙe ni ba. Yau ta kawo abu ɗaya."

"Sai ka karanta ke nan."

"Amana ce."

"Amanar da ka shanya a igiya kamar wanki?"

Da farko ya yi dabara. Layin ƙarshe na shafi kawai yake karantawa, sannan ya nemi shafin da layinsa na farko ya ƙarasa maganar. Ya gaya wa kansa wannan ba karatu ba ne, haɗi ne. Zuwa hantsin Talata ya haɗa babi talatin da ɗaya, gajeru gajeru, kowanne ya matse shi da ƙaramin maƙali. Amma babin ba lamba, ba suna, kowanne a sabon shafi ya fara. Wanne ke gaban wanne? A nan dabara ta ƙare. Ya goge tabarau, ya juya wa ƙofa baya, ya fara karanta littafin labari na farko a rayuwarsa.

Labarin wata yarinya ne, autar wani tela. Tun a babi na uku da ya ɗauka telan ya fita daga ransa.

"Wannan mutumin ba shi da kirki," ya ce wa Mai Agogo da rana. "Ka ji fa. Yarinya ta zo ta ɗaya a aji, makaranta ta ba ta kyautar riga, ta rugo da gudu ta nuna masa. Ka san abin da ya yi? Juya rigar ya yi, ya duba ɗinkin ciki, ya ce ba zai yi wata shida ba."

"Kai!" in ji Mai Agogo. "Akwai mutane a duniyar nan." Ya dubi cikin kofinsa kamar wani abu ya faɗa.

"Gaskiya dai ya faɗa, watakila," in ji Mai Gam. "Tela ne. Amma ai akwai lokacin faɗa."

Duk da bai san mutanen ba, jerawar ta zo masa da sauƙi. Ya sa karayar hannun yarinyar kafin tashinsu daga gidan haya na bene. Ya sa zazzaɓin da ya kwantar da wanta na biyu bayan an sayi keke, ba kafin ba. Mai Agogo, da ya tsaya a kansa yana kallo, ya kasa haƙuri.

"Ya aka yi ka san karaya ta riga ƙaura? An rubuta?"

"Ba a rubuta ba. Hankali ne. Ai da hannu ɗaya ta ɗauki fitila ranar ɗaukar kaya."

"Wannan yana ciki?"

Mai Gam ya ce yana da aiki, a bar shi da surutu.

Babin ƙawarta ya ɗan ba shi wahala. Akwai wata da suka shaƙu da yarinyar tun suna ƙanana, suka yi rantsuwar ba za su rabu ba, sannan wata rana suka daina magana a kan abin da bai kai ya kawo ba. Bai taɓa sanin an yi wannan ba. Sai da ya tuna wata doguwar yarinya da takan zo gida ta zauna a kan buhun gawayi, ta kuma daina zuwa a shekarar babbar jarrabawa, sannan ya sami wurin babin. A lokacin ya lura ta daina zuwa. Tambaya ce dai bai yi ba.

Babin rasuwar uwar a tsaye ya karanta shi. A ciki, kwana uku da rasuwa telan ya buɗe shago, yarinyar kuma ta ƙirga wannan a kansa. Mai Gam ya so ya gaya wa marubuciyar cewa watakila mutumin ya rasa inda zai ajiye hannunsa ne a cikin gidan. Amma gefen shafi ba wurin rubutunsa ba ne. Ya ajiye babin a inda ya dace, ya je ya wasa wuƙar yankan takarda, wadda ya wasa shekaranjiya.

Babi talatin suka zauna. Saura ɗaya, mai shafi huɗu.

A cikinsa yarinyar ta zo ta tsaya a tsallaken titi, jikin turken lantarki, tana hangen telan ta ƙofar shagonsa. Akwai maganar da ta zo faɗa masa. Ta tsaya tun azahar har masu shaguna suka fara shigar da kaya, yana sunkuye bai ɗago ba, sai ta juya ta tafi. Ba a faɗi shekarunta ba. Ba a faɗi ko uwar tana raye ba. Abin da aka siffanta dalla-dalla shagon ne: tsohuwar kalandar da ba a sauke ba, kantar da ta karkace aka tokare da bulo, ƙusar da yake rataye hularsa.

Mai Gam ya ɗaga kai ya nemi abin da zai kama. Da shagon ya taɓa canza fenti, ko an gyara kantar a wata shekara, da ya sami bakin zaren. Amma shekara talatin ke nan ko ƙusa bai matsar ba, kuma ya sha yin alfahari da hakan.

Ya gwada babin bayan na tara, ya zauna daram. Ya gwada shi bayan na ashirin, ya zauna. Ya kai shi gab da ƙarshe, can ma ya zauna.

Laraba da safe ya yi abin da bai taɓa yi ba a lokacin aiki. Ya tsallaka titi ya tsaya jikin turken lantarki. Daga nan ana ganin teburinsa tsaf, har da kujerar da gindinta ya lotsa. Wani direba ya tsaya ya tambaye shi ina za shi. Da ya dawo, ya leƙa wurin Mai Agogo.

"Mutumina, ka taɓa ganin wani tsaye a can?"

"Ni ma sunkuye nake aiki," in ji Mai Agogo, gilashi maƙale a idonsa. "Sai dai ni wuyana yakan gaji."

Da yamma Auta ta zo ta tarar ba a ɗinka komai ba. Babi talatin na ƙarƙashin dutsen danni, shafi huɗu a gefe. Ya yi mata bayani yana kallon teburi: danshi, shanya, rashin lamba. Ya ƙara da cewa ko ɗan koyo ya san ana sa lamba. Ta ɗage dutsen, ta bi babin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ƙarshe.

"Ni da rasuwar Inna na buɗe littafin," ta ce.

"Ai ba da ita aka fara ba."

"Haka ne." Ta sake shafa tulin. "Ba haka na jera ba, Baba. Amma ko ɗaya ba ka kuskure ba."

Ya tura mata shafi huɗun da ɗan yatsa. "Wannan ne ya gagara. Wace shekara ce?"

Ta dubi shafukan, ta dubi ƙofa.

"Wacce daga ciki?"

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Mota biyu suka wuce.

"Sau nawa ke nan?"

"Ban ƙirga ba."

"To me yarinyar take son gaya wa telan? Don aiki nake tambaya. In san inda zan ɗinka shi."

"Ba ya cikin littafin."

"Na lura. Sau shida na karanta."

"Don aiki ne, Baba?"

"Don aiki ne."

Ta ce masa maganar ba guda ɗaya ba ce, kuma gobe da azahar za a rufe karɓa. Ya ce ɗinki awa uku ne, safiya ta isa, in ma ta ga dama ta mayar da rasuwar gaba shi ba ruwansa, littafinta ne. Ya rufe tukunyar gam kada ta bushe. Ya sauke kwalin ɗakin karatu daga kan benci, ya kaɗe ƙurar da hularsa. Auta ta zauna, ta ajiye jaka a cinya.

"Ta farko," ta ce, "ina aji biyu."

A shagon da ke kusa Mai Agogo ya rage muryar rediyonsa. Daga baya ya ce wani ƙaramin agogo ne yake son jin bugunsa.