Likkafanin Inna a Hanyar Darazo

Shekarar da ɗan maƙwabcinmu ya ce zai tafi Makka a ƙasa, unguwarmu Ƙofar Wambai ta Bauchi ba ta da wata hira sai tasa. Yaro ne da na girme shi nesa ba kusa ba, mai gyaran waya a bakin titi, kuma ni a sanina ko masallacin Juma'a sai ya tari acaɓa. Amma ya ɗinka fararen kaya, ya sayi gora da sanda, nan da nan samari suka laƙaba masa Mai Tattaki.

Ni abin bai dame ni ba sai da ya shigo gidanmu sallama. Inna, mahaifiyata, ta tsufa, idonta ya yi rauni, kuma ta riga ta haƙura da zuwa Hajji. Abu ɗaya ya rage mata a rai. Tana da farin alawayyo da ta ajiye a ƙasan akwati domin likkafaninta, tana so a wanko mata shi da ruwan zamzam, kamar yadda aka yi wa mahaifiyarta. Alhazan jirgi kuwa kullum sai su ce kaya sun yi nauyi. Ta lalubo ƙullin ta miƙa masa da hannu biyu.

"Amana ce, ɗan nan. Shi za a sa ni a ciki."

Ya durƙusa har ƙasa ya karɓa, har da ɗan hawayensa. Bayan ya fita ta juyo gare ni. "Kai kuma ka raka shi. Ka taka min hanyar nan ko zuwa Darazo ne, ƙafarka ƙafata ce." Wa zai ce wa Inna a'a? Na rufe shago na bi.

Ranar tashi an yi taro kamar na biki. Kabbara, jiniya, wayoyi a sama, kowa na turereniyar ɗaukar hoto da shi. Muka miƙi hanyar Maiduguri, ’yan rakiya suna zarewa kaɗan-kaɗan, har ya rage daga ni sai shi sai abokansa da wata ƙaramar bas da aka ce ta kaya ce. Wunin farko dai ya taka, ba zan yi masa ƙarya ba.

Washegari muna barin ƙauyen da muka kwana, bas ta tsaya a bayan wata kuka. Mutumin naku ya buɗe ƙofa ya shige, ya miƙe ƙafa.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Yaya, shigo mana. Dajin nan wa zai gan mu? In mun kusa gari sai mu sauka."

Wallahi sai da na ji kamar in tofa masa yawu. Na ce su je, ni aiko ni aka yi. Suka yi dariya, suka bar ni da hayaƙi.

Bazara ce. Kwalta tana cin tafin ƙafa ta cikin takalmi, tirela in ta wuce sai ta watsa maka tsakuwa da warin gas. Ga mushen akuya a gefen titi, ƙudaje sun rufe shi, ka toshe hanci ka wuce, can gaba ka tarar da wani. Ƙafata ta yi ruwa, ta fashe, safa ta manne da ciwon. Duk ƙauyen da na shiga sai a ce min, "Ai bawan Allahn nan ya wuce ɗazu, ko gumi ba ya yi, ikon Allah!" Wata tsohuwa mai fura a Soro ta ce ta shafi rigarsa ta shafa wa jikanta marar lafiya. Na sha furar da ƙyar, na biya ta na kama hanya.

A bakin Darazo na cim musu, saboda sun tsaya jiran a gama shirya musu tarba. Na same su a inuwar bas, sun baje ƙasusuwan kaza da robobin lemo. Shi yana zaune a kan taya, wani abokinsa yana naɗe masa ƙafa da farin ƙyalle, wani yana ɗiga jan magani a kai don ya yi kama da jini. Ƙafar nan kuwa sumul, ko kaushi babu.

Sai na ga ƙullin Inna a buɗe a ƙasa. Na san ɗaurinta. Sun yage gefe guda na alawayyon, sauran kuma an shimfiɗa an ɗora tiren nama a kai, mai ya yi masa taswira.

"Kai! Ka san abin da ka yaga?"

Ya ɗago yana sakace. "Haba Yaya, yadi ne fa. A Makka akwai wanda ya fi wannan, sai in sayo mata."

Ban mare shi ba, kuma har yau ina mamakin hannuna. Na ture tiren, na naɗe abin da ya rage, na ce Allah ya isa tsakaninsa da tsohuwar nan. Ina tsaye a tasha ina jiran motar Bauchi na hango shi yana shiga gari, yana ɗingishi, yana dogara sanda, mata suna kuka. Tir!

Na faɗa wa Inna komai, ban rage ba. Ba ta zage shi ba, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Ta sa aka wanke yadin da ruwan rijiya, ta auna shi da kamunta, ta sake aunawa.

"Ya gaza," in ji ta. "Ƙafata za ta fito."

Na ce gobe zan shiga kasuwa in sayo sabo. Ta ce a'a, wannan ta yi wa niyya, in dai samo mata ɗan ƙari. Da kanta ta haɗa, da lalube, ɗinkin ya fito manya-manya a karkace. Sannan ta sa na miƙo ƙafata, ta shafa inda ya fashe, ta daɗe tana shafawa.

Shi kuwa daga baya wani mai hali ya ji tausayin ƙafar nan da ya gani a waya, ya biya masa kujerar jirgi. Ya dawo da haƙorin Makka, yanzu Alhaji ake ce masa. Ko kurɓin zamzam bai kawo gidanmu ba.

Inna ta rasu da damina ta zagayo. Ni na shiga kabarin na karɓe ta. Da na zo gyara mata kwanciya ta wajen ƙafa, hannuna ya sauka a kan ɗinkin nan nata, na bi shi da yatsa har ƙarshe. Ya rufe ƙafar.