Furar Amariya ta Dawo

A Tungar Guru har yau Amariya ake ce mata, alhali jikokinta sun cika tsakar gida. Tun ranar da aka kawo ta ɗakin Sharu sunan ya manne mata. Sana'arta fura. In ta kirɓa gero da citta da kanumfari, ƙamshin kan riga ta fita ƙofar gida, Fulani masu nono kuwa wajenta suke fara sauke ƙwarya.

Shekarar da gubar dalma ta faɗa wa garin, Amariya tana cikin matan da suka daka dutsen zinari a turmin gida. Wa ya san da dafi a cikin ƙurar? Yara suka dinga ciwon ciki da amai da jijjiga. Autanta, Dikko, yana cikin waɗanda suka tafi. Bayan an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, ta ƙone turmin, Sharu ya sayo mata wani. Daga ranar dutse bai sake ƙetare mata zaure ba.

To, bara sai ciki ya tasa ta gaba. Wani zafi ne a ƙahon zuciya, kamar an aje garwashi. Ta jiƙa kanwa ta sha, ya lafa, ya dawo. Sai zuciyarta ta ba ta cewa dalmar nan ce ta kwanta a jikinta shekara da shekaru, yanzu ta farka. In kuwa tana jikinta, ai tana hannunta, in tana hannunta tana cikin fura.

Ta kife turmi. Ta ware kwanonta da ludayinta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Sahura, jikarta da aka kawo mata yaye, wadda ba ta karɓar loma sai daga hannunta. Yarinya ta miƙo baki, kaka ta kau da kai ta ce a kai wa maƙwabciya ta ba ta. Sahura ta yi ta kuka, ta fara ramewa.

Sharu ya gaji da furar kasuwa, ya ce, "Wai ke Amariya, yaji kika yi kina cikin gida? Wagga hura da nika sha, ko jaki aka dama ma sai ya yi ƙara wajen alƙali."

"Malam, bar ni. Na kashe guda, ba ni ƙara wani."

Nan dariya ta ɗauke masa. Washegari ya goya ta a babur sai asibitin Anka.

Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Shafa'atu ta karɓe su. Ta saurari zancen dalma ba ta yi mata dariya ba, ta sa aka ɗebi jini, aka karɓi bayan gida a auna. Sannan ta ce, "Inna, ban da kanwa, mi kike sha?"

"Ba komi, ɗiyata. Sai 'yan ƙwayoyin ciwon baya."

Ta kwance bakin zane, ga su nan ja da fari, irin haɗin da masu talla kan ƙulla a leda ranar kasuwa. Kullum da sassafe takan watsa su baki kafin ta ɗauki taɓarya, ba ta karya ba, don a ganinta mai sana'ar abinci ba ta ci sai ta sallami jama'a.

Da sakamako ya fito Shafa'atu ta jawo kujera kusa da ita. "Inna, dalmar da ke jininki ba ta kai abin tsoro ba. Kuma ba ta tsattsafowa daga hannun mutum ta shiga abinci, ƙurar dutse ke kai ta. Gyambon ciki gare ki."

"Gyambo? A ciki?"

"Kin sha wanke kayan cikin ragon layya, kin san yauƙin nan da ke manne a tumbi. Mu ma muna da shi. Abinci in ya bi maƙogwaro ya sauka, wani ruwa mai tsami ke narka shi kafin ya wuce hanji. Yauƙin shi ke tsare tumbi kada ruwan ya ci shi. Ƙwayoyin nan naki suna rage shi, ga kuma wata ƙwayar cuta da muka gani tana taya su. Kanwa kuwa lallashi kawai take yi."

Amariya ta dubi tafin hannunta.

"Kenan in ba yarinya abinci?"

"Ki ba ta har ta ture."

Sai ga hawaye, ga dariya. Sharu ya ce, "To alhamdu lillahi. Likita, rubuta mata har da daka."

Shafa'atu ta kai su wajen likita, ya rubuta mata magani kala uku. Guda mai rage tsamin ciki, a sha kafin karin kumallo, biyu masu kashe ƙwayar cutar, na sati biyu, da gargaɗin kada ta bari don ta ji sauƙi. Ɗaya yakan bar mata ɗaci a baki kamar ta tsotsi ƙusa, ta yi ta mita, amma ta shanye. Ƙullin leda kuwa masai ta zuba shi. Ciwon baya aka ba ta wani magani mai sauƙi, surfe kuma yanzu inji take kaiwa, kirɓi kaɗai ta riƙe, don ta ce inji bai san hannu ba.

Amma tun ranar da suka dawo daga Anka, ko mayafi ba ta cire ba ta tayar da turmi. Ta dama fura da nono mai kauri, ta ɗora Sahura a cinya. Yarinyar ta ɗan harare ta, irin ta mai tsohon fushi, sannan ta buɗe baki.

Sharu na gefe riƙe da ludayi. Amariya ta ce, "Malam, sai ka jira. Yau uwar gida Sahura ka fara sha."