Shinkafa a Cikin Bargo

Har gobe ban manta da ranar da na kusa raba kaina da aiki a kan 'yar shinkafar da ba ta cika cokali ba. Ku da kuka zo bayana, ku saurara.

Lokacin ina shekara ta shida a wannan zaure namu na baje kolin zane-zane. Ƙa'idar kun san ta: in akwati ya iso, a gaban mudir, wato shugaban zauren, ake buɗe shi, a ɗauki hoton kayan, a sa safar hannu, kuma ba a ƙara ko rage komai a jikin aikin mutum sai da izininsa. Da yake ni tela ne tun a Damagaram, duk abin da ya shafi ƙyalle ni ake miƙa wa.

Bayan Babbar Sallah aka shirya baje koli kan mutanen da suka ƙetare teku tsakanin Indiya da Afirka. Cikin kayan har da wani bargo da aka harhaɗa da guntayen tsofaffin tufafi, aikin wata tsohuwa daga Indiya, Fatima Bi. Ta yarda a ɗinka masa ƙyalle a baya inda sandar ratayewa za ta shiga, sai mudir, Ustaz Khalid, ya ba ni aikin.

Ranar Talata da hantsi ina cikin ɗinki, yatsana ya ji wani ɗan kumburi a tsakiyar bargon. Na latsa, na ji ƙurus-ƙurus. Na ce shi ke nan, laya ce. Ga ni baƙo, iƙamata, wato takardar izinin zamana, a hannun kafilin da ya ɗauki nauyina, a ƙasar nan ta Larabawa da ba a wasa da zancen laya. In aka gano, wa za a fara tuhuma in ba telan da ya taɓa kayan ba? Ban shawarci kowa ba na sa reza na farke wurin. Ɗanyar shinkafa ce ta zubo, ta watse a ƙasa.

Da na so, da na mayar da ɗinkin ba wanda zai sani. Na yi ta juya abin a raina har bayan Azahar, na ga ba zan iya ba, na je na faɗa wa mudir. Ya ce, "Ya Haruna, jibi mai shi za ta iso. In ta yi ƙorafi, halas, aikinka ya ƙare a nan." Kwana biyun nan abinci bai yi mini daɗi ba.

Ranar Alhamis ta zo. Ina zuba ido in ga farar Ba'indiya, sai ga baƙar tsohuwa, kamar a ce Gwaggona Hajara ce ta ɗaura sari, zanen matan Indiya. Salim, kafintanmu ɗan Indiya, shi ya yi mana tafinta. Ya ce kakannin kakanninta daga Afirka aka kai su can, harshen ya ɓace, fatar ta tsaya.

Na durƙusa na faɗa mata abin da na yi. Ta shafa wurin da na farke, ta sa Salim ya maimaita zancen layar, sai ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce a garinsu ba a rufe bargo da yunwa. Sai an zuba masa shinkafa a ciki, don wanda zai lulluɓa da shi kada ya rasa abinci. Daga nan ta tambaye ni me muke ci a ƙasarmu. Na ce gero. Ta ce in kawo.

Na ruga gida a unguwar Hindawiyya na ɗebo daga geron kunun matata, Salim ya samo shinkafa a wajen mai abinci. Ta gauraya su a tafin hannunta, ta zuba a cikin bargon, ta miƙo mini allura. Mudir ya ce ɗinkina zai bambanta da nata.

"A bar shi ya bambanta," in ji ta. "Ɗana, kai ka buɗe, kai za ka rufe."

Na rufe, raina fari ƙal. Wata biyu bargon ya yi a bango, kuma aikina bai tafi ba.

Abin da na koya shi ne, kayan da ake kawo mana ba ƙyalle da katako ba ne kawai. Kowanne da abin da mai shi ya adana a ciki. In kun ji abin da ba ku gane ba, ku buɗe baki ku tambaya kafin ku sa reza, don ba kowa ne Fatima Bi ba.