Nauyin Tukunyar Gwaggo

Shekarar da zan gama jami'a na dawo gida Malanville da odinate, wato kwamfuta, na aro da aikin bincike a kan shinkafa. Wani furoje ne, shirin tallafa wa manoma, zai gina dandamalin shanya na siminti, ya ba da manyan tukwanen gumi, amma ga ƙungiyar ƙauye ɗaya kawai. Malamina ya karɓi aikin auna ƙungiyoyin, ya miƙo mini, tunda ni ɗan ƙasa ne kuma ina jin yaren Dendi.

Hanyar da aka koya mana ba ta da wuyar faɗi. Ana duba abin da kowace ƙungiya ta zuba da abin da ta fitar, a gwada ta da wadda ta fi iyawa a cikinsu. Sai dai shinkafa ba aiki ɗaya ba ce. Maza su noma a fadama. Mata su yi gumi, su jiƙa, su turara, su shanya. Sannan a kai injin casa. Kowane mataki da makinsa, kuma kafin a haɗa su wuri ɗaya dole a yanke nauyin kowanne.

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ce shugabar matan gumi a ƙauyen Garou. A bakin hanya suke shanya, bisa tsofaffin buhuna, tana zaune da doguwar sanda tana korar awaki, 'yan moto, masu babur, suna watsa mata yashi. Duk da haka shinkafarsu ba ta karyewa a inji. Ranar da na je da tambayoyina, matan suka yi ta tsokanata, wai ɗan lakwal, ɗan boko, ya zo ƙidaya hayaƙi. Gwaggo ta ce su ƙyale mata ɗa, shi zai kawo musu siminti. Na sunkuyar da kai ina rubutu.

Matsalar daga gona ta taso. Mazan Garou tun a masussuka suke fidda zakka, su fidda rabon dangin da ke hayin kogi, da na maƙwabcin da ruwa ya cinye wa gona. Abin da ya saura shi ake kira amfanin bana. Na tambayi mijin gwaggo nawa ke fita haka. Ya dube ni ya ce abin da aka bayar ba a waiwayarsa, balle a faɗa wa takarda. Na bi wasu magidanta, amsar ɗaya ce. Don haka a lissafina noman Garou ya fito kamar na ragwaye: taki da yawa, man injin ban ruwa da yawa, buhuna kaɗan.

Na gwada nauyin iri-iri. Da na ba kowane mataki nauyi gwargwadon kayan da yake ci, noma ya danne komai, don gumi ba ya cin komai sai itace da ruwa da bayan mace. Garou ta faɗa can ƙasa. Da na raba nauyin daidai, Garou ta hau sama. Da na bar lissafin ya zaɓa wa kowace ƙungiya nauyin da ya fi yi mata daɗi, kusan kowa ya zama na ɗaya. Na rubuta duka, na yi bayanin zakkar da ba ta shiga ba.

Mutumin furoje ya karanta a tsaye, ya ce shi ba ukku yake so ba, ɗaya yake so. Na kira malamina. Na ce masa dandamalin nan na mata ne, bai kamata noman maza ya yanke musu hukunci ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ina da gaskiya, amma nauyin kayan aiki shi kaɗai ne ake iya karewa gaban masu yi mini jarrabawa, don daga cikin bayanan ya fito. Rabon daidai kuwa hannuna ne ya sa shi, kuma kowa ya san 'yar uwar wa ke Garou.

Dandamalin ya tafi wajen ƙungiyar ƙauyen Toumboutou. Ni na kai wa gwaggo labari, don kada ta ji a kasuwa. Na same ta tana juya shanya da ƙafa.

“To mi anka ce mun ɓata?”

Na ce ba su ɓata komai ba, a gumi su ne na ɗaya.

“Mu na ɗaya, siminti na wasu.” Ta yi 'yar dariya. “Ɗana, injin naka bai ga bayana ba?”

Na fara yi mata bayanin nauyi, ta ɗaga sanda ta bi wata akuya. Da ta dawo sai ta tambaye ni ko na ci abinci.

Na ci jarrabawata, har aka yaba mini tsabtar aiki. Matan Garou kuwa suka riƙa raguwa a bakin hanya. Fataken Najeriya suna saye shinkafar tun a masussuka, ba a jira gumi ba, mazan ma sun fi son haka. Zuwana na ƙarshe na tarar da babbar tukunyar gwaggo a gindin darbejiya, cike da ruwa, awaki suna sha.