Garmahon Ya Falta

Nababa! Nababa ɗana. Ɗazu wani babur ya tsaya a ƙofar gida, na ajiye tankaɗe na kwaɗa maka kira, sai da na ji shiru sannan na tuna. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda labari bai iske ba, Allah Ya karɓi ran ɗana Nababa, mai gyaran rediyo a Bacirawa, ranar Talata sha ɗaya ga watan Rajab, bayan zazzaɓi ya kwantar da shi. An yi masa sutura a nan ƙauyenmu kusa da Zakirai. Ni ce Kaltum mahaifiyarsa. Bokona bai yi nisa ba, yadda zan faɗa da baki haka nake dannawa a waya, ku yi haƙuri da ni.

Kai dai ba ka iya ganin abu ya lalace ka wuce. In ka zo gida ranar Juma'a, kafin ka sha fura tsofaffin unguwa sun jere maka rediyoyinsu a zaure, kana gyara kana tsokanarsu. Da ladan ya zo gaisuwa ya ce lasifikar masallaci ba ta taɓa kwana a mace ba kana da labari. Har tocilan ɗin matan maƙwabta ba ka raina ba.

Amma abin da ke cina shi ne garmahon kakarka Ya Falta. Sunan mijinta ka ci, shi ya sa take ce maka maigida. Da tsufa ya kama ta, Hausar ma ta fara zille mata, ta koma Barbarcin da ta zo da shi daga Barno tana amarya, abinci kuma sai an yi da gaske. Kai ka lura tana ƙunƙunin waƙa. Ka tono faya-fayan marigayi Baba, mijinta, daga ƙasan akwati, ka je ka samo garmaho biyu na hannu, ka haɗa da batirin sola ka ce mu zaɓa.

Ka ce, “Inna, wannan mai bel ne kamar injin niƙa. Sautinsa ya fi laushi, gyaransa ba wuya, amma zafin nan namu yana sa bel ɗin ya saki, sai an riƙa sauyawa. Wannan kuwa ba bel, injin ne ke juya faifan da kansa. Ki danna kawai ki tafi aikinki. Ni shi na fi so muku.”

Ya Falta da muke zaton ba ta bin zancen ta ɗago ta ce, “Wanne ne mai lalacewar?”

Ka nuna mata. Ta ce, “Shi za a bari. In ba haka ba yaushe zan riƙa ganin maigida? Kishiyata ta Bacirawa ta riƙe shi.”

Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, “Tsohuwa mai wayo, ashe tarko kika ɗana mini.” Ni ma na goya mata baya, na ce ai kana nan. Haka na ce, wallahi. Ranar ta cinye tuwonta tas tana kaɗa kai.

Sau nawa kana cewa in zauna ka nuna mini yadda ake sa bel ɗin, ni kuma ga surfe, ga awaki, in ce sai wani zuwan. Na ɗauka zuwan ba ya ƙarewa.

Ba mu kunna ba sai da aka share makoki. Na san akwai masu cewa gidan rasuwa da kiɗa me ya haɗa su. Allah Ya san ba don nishaɗi ba ne, tsohuwa ce ta juya wa kwano baya. Da na kunna sai mawaƙin ya riƙa jan murya kamar mai ciwon haƙori, bel ya saki. Na tuna yadda mai niƙa ke yi, na yanko robar cikin tayar keke na ɗinke bakin da zare na maƙala. Ya juya kam, amma duk sanda ɗinkin ya zagayo sai mawaƙin ya yi shaƙuwa. Ya Falta ta ce, “Ku ba bawan Allah ruwa mana.” Na yi dariya, dariyar ta koma kuka. Sai ta ce, “Aika a kira maigida.”

Na gaya mata ka rasu, Nababa. Ta yi kuka, ta yi barci, ta tashi ta manta. Kullum faifan ya yi shaƙuwa sai ta sake aike, ni kuma in sake rasa ka a gabanta.

Abdulkabir abokin shagonka ya ce marar bel ɗin yana nan inda ka ajiye, ba ka sayar ba. Ya ce yau zai kawo, in na yarda ya tafi da wannan. Na juya abin a raina har na gaji. In na karɓa, za ta ci abinci, amma ba abin da zai ƙara sa ta neme ka, gidan nan ya daina jin ana kiran maigida. In na ƙi, don kaina na ƙi, ita kuwa tana ramewa. To na yanke, zan karɓa. Kai ma shi ka so tun farko.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa hannun nan da ya yi wa mutane gyara ya karɓi sakamako ta dama. Asiya matar Nababa, 'yata, ke da yaranki, Allah Ya ba ku haƙuri Ya raya mana su. 'Yan'uwansa masu gyara na Bacirawa da duk wanda ya tako ko ya bugo waya, Allah Ya ba da lada.

Ana buga ƙyauren zaure, na ji muryar Abdulkabir yana sallama. Ga tsohuwa ta ɗago tana gyara ɗankwali, tana tambayata ko kai ne. Bari in je in buɗe masa.