Teburin Baba Lasisi Mai Gyaran Agogo

Wata rana, a layinmu na kasuwa a Zariya, muka yi sabon shugaba.

Ba zan faɗi sunansa ba. Irin mutanen nan ne da in suka sa babbar riga sai su ɗauka ilimi ma ɗinka shi ake yi.

Satinsa ɗaya a kujera, bai gyara kwata ba, bai kawo wuta ba. Abin da ya tsone masa ido shi ne teburin Baba Lasisi.

Baba Lasisi dattijon Bayarabe ne mai gyaran agogo. Shekara talatin da huɗu yana wannan lungun. Da teburin nan ya aurar da 'ya'ya biyar.

Shugaba ya tsaya a kansa, ko sallama babu. Wai layin na 'yan gari ne. Wai baƙi sun cika mana kasuwa, sun ɓata mana harshe. Har da kwaikwayon Hausar tsohon, yana jiran mu yi dariya.

Ya ce kafin Juma'a a kwashe teburin.

Baba Lasisi ya ajiye ɗan madubin idonsa, ya nuna hannun shugaba.

"Yallaɓai, wannan da ka ɗaura, me sunansa da Hausarka mai tsabta?"

"Agogo mana."

"To kalmar kakannina ce. A wurinmu ƙararrawa ke nan. In za ka kori baƙi, fara da ita."

Shugaba ya ce to ai akwai "sa'a".

Wani mai sayar da littattafai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuma ta Larabawa ce."

Dariyar da shugaba ya nema ya samu, amma ba a kan wanda ya so ba.

Daga baya na bincika. Gaskiyar tsohon ce. Turawa ma sunan agogon bangonsu daga ƙararrawa ya fito. Mu kanmu "ƙarfe biyu" muke cewa, tun zamanin da ake buga ƙarfe a sanar da lokaci.

Ranar Alhamis 'yan layi suka zauna, ba mutum ɗaya da ya goyi bayan shugaba. Teburin yana nan.

Shi kuwa har yau ta bayan masu tumatir yake zagayawa, don kada ya bi ta gaban teburin.

Darasi: Kafin ka kira wani baƙo, fara binciken kalmomin da ke bakinka. Jahili mai muƙami ya fi kowa saurin tona wa kansa asiri.

Tura wa wanda ka san yana da irin wannan ciwon. Ba sai ka ce masa komai ba.