Waliyyin Kabewa

Kafin mai burodi ya busa ƙahon kekensa, Baba Waliyyi ya riga ya zagaye bayan gidaje takwas ɗin da ke rukunin ma'aikatanmu. Shara da yankan ciyawa da yashe kwata aka ɗauke shi yi, ya kuwa yi su shekara ashirin da shida. Amma akwai wani aiki da ba wanda ya sa shi. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, za ka gan shi durƙushe cikin yaɗon kabewa, kabewar nan mai dogon wuya da kowane gida ya shuka a bayan kicin. Sai ya tsinki fure ɗaya, ya zare masa ganye, ya bi sauran furannin yana ɗan shafa musu shi a ciki.

Mai gadi ne ya laƙaba masa sunan. Yakan ɗaga murya daga bakin ƙofa: "Waliyyi, yau aure nawa aka ɗaura?"

Shi kuma ya ce, "Bakwai. Amarya ɗaya ba ta tashi barci ba tukuna."

Mukan yi dariya mu wuce wurin aiki, a zatonmu barkwancin tsofaffi ne. Kabewa kuwa tana ta zuba, har kyauta muke yi da ita a ofis, kowa na yabon hannunsa. Mai koyar da lissafi a gida na biyu har cewa yake sirrin a takinsa yake. Kai, mun sha kuri!

Sai aka kawo wata nas gida na huɗu, mace mai tsafta da kaifin baki, wadda ke renon marayun ƙanwarta uku. Ta ɗauki lambunta da muhimmanci, don ƙaramar cikinsu ba ta cin abinci sai an dafa mata kabewar nan an murje. Wata safiya ta dawo daga aiki ta tarar da tsohon da furenta uku a hannu.

"Baba, me zan gani haka? Furen da zai zama abincin yara kake tsinkewa?"

"Ranki ya daɗe, waɗannan mazan ne, ba sa haihuwa. Ki bari in nuna miki..."

"Ba abin da za ka nuna mini! Fita."

Ta kai ƙara taron mazauna. Aka yanke cewa kada ya ƙara taka bayan gidan kowa, iyakarsa titi da kwata. Kunya ba za ta hana ni faɗi ba: ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Da aka gaya masa, cire hula ya yi ya ce, "To, na ji." Ya ɗauki tsintsiyarsa.

A daminar nan kabewa ta yi yaɗo har kan katanga, ganye fal, fure rututu. 'Ya'yan sai su kai girman babban yatsa, su yi rawaya, su zube. Nas ta ƙara taki, ta rage ruwa, ta canja iri, a banza. Yarinyar ta dinga ture kwano, ita kuwa abin duniya ya ishe ta.

Wata safiya tana wanke-wanke ta hango wata doguwar sanda tana shigowa ta ramin wayar shinge. A kan sandar an ɗaure fure da zare. Daga can waje, tsohon ne tsaye a cikin kwata, ya kafa ido, yana lalubar wani fure mai ɗan ƙulli a gindi. Bai taka lambun ba, bai karya dokarmu ba. Ta fita ta tambayi mai gadi, ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ashe ba ku sani ba? Tun da aka fara feshin sauro ƙudan zuma suka ƙaurace mana. In ba a kai garin namiji cikin macen ba kafin hantsi, ta rufe ke nan. Shi ne zumarku, Malama."

Kabewa huɗu ta samu a shekarar, dukkansu a bakin shinge, daidai inda sandar ke kaiwa.

Baba, kai ne ka ciyar da mu muna yabon kanmu. Kai ne aka kora daga lambu, ka koma cikin kwata kana yi wa marainiya aiki da sanda. Mai gadi ya shaida, direban gida na shida ya shaida, har matar da ke kawo madara ta ce ta sha ganinka. Waliyyin kabewa, ba ka taɓa zuwa ka ce mana kun gani ba.

Nas ta so ta ba shi haƙuri, wallahi ta so. Ta sa aka soke dokar a taro na gaba, amma da bakinta ta ce "Baba, na yi kuskure," wannan ya gagare ta. Yau sai ta ce akwai mutane a wurin, gobe ta ce ta makara. Sai ta riƙa aika masa da shayi, tana fatan ya gane. Haka aka ci shekara biyu, yanar ido tana rufe masa gani a hankali, har ya koma bambance namiji da mace da yatsa.

Da ta ji 'yarsa za ta zo ta tafi da shi ran Asabar, ta kwana da niyya. Ta zaɓi kabewar da ta fi kowace girma, wadda farce ba ya huda bawonta, ta yanke ta da guntun kara kamar yadda yake yi. Ta isa ɗakinsa na bayan tankin ruwa, ta tarar da ƙofa a buɗe, an share tas. Ashe motar 'yarsa ta zo tun Juma'a, lokacin ita tana wurin aiki. Ta zauna a dokin ƙofa rungume da kabewa, ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin babba ya yi ba.

Ita ta roƙe ni in rubuta wannan, don mun ji kana nan da ranka, kuma 'yarka na karanta maka jarida. Mun gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri, ya buɗe idon nan. Ku kuma masu karatu, ku yi koyi da shi wajen aikin da ba mai gani, kada ku yi koyi da mu. In akwai tsohon da ke durƙushe a bayan gidanku, ku tambaye shi me yake yi, ku tsaya ku ji amsa.

'Yar Baba, idan kin zo nan, ki ɗaga murya don ya ji da kyau. Nas ta gida na huɗu ce take cewa: Baba, na yi kuskure, ka yafe mini.